Dutsen da ke shan duka daga ciki

Wato tambayarka, me ya sa ƙwayar dutsen nan da ake kira zirkon ke ƙyalli, 'yar'uwarta kuwa ta dushe kamar fasasshiyar kwalba, alhali daga buhun kuza ɗaya muka tace su? Ajiye kwanon ka zauna, yaro.

Daga ciki ake dukanta. Tun ranar da dutsen ya daskare akwai ɗan wasu ƙarafa, yuraniyam da toriyam, maƙale a jikinsa, su kuwa ba su san zaman lafiya ba. Lokaci-lokaci ƙwayar zarrarsu kan harba wani ɗan tsaki da masana ke kira alfa. Ka taɓa ganin maharbi ya saki bindigar toka, gindinta ya bazge shi a kafaɗa? To haka ragowar ƙwayar zarrar ke zabura baya, ta tumɓuke maƙwabtanta kusan dubu ko fiye daga mazauninsu. Tokarin nan ya fi harsashin kansa ɓarna. Yuraniyam 238 sai ya yi harbi 8 kafin ya koma dalma ya huta, toriyam kuwa 6. Duwatsun Jos ɗin nan sun haura shekara miliyan 150, ka ga duka ya taru.

Ginin cikin ƙwayar zirkon da ta dushe ne ya rushe, sai ta kumbura. Lafiyayya ta ninka ruwa nauyi wajen sau 4.7, wadda ta sha duka sosai kuwa da ƙyar take kai 4. Taurinta ma ya ragu, ga saurin ɓantarewa. In aka gasa ta a wutar da ta haura digiri 1,000, ginin kan fara komawa daidai, amma murhunmu bai kai nan ba, kada ka ƙona mini gawayi.

Ni abin da ke ba ni mamaki monazayit ne, yashin nan ruwan zuma da maganaɗisu ke ware mana. Toriyam ɗinsa ya fi na zirkon nesa ba kusa ba, amma da wuya ka same shi a rushe, domin ana dukansa yana ɗinke kansa, ko da ɗan ɗumin cikin ƙasa ne. Shi lafiyarsa ƙalau, mu ne a cikin haɗari, domin harbin nan yana cutar da jikin mutum. Shi ya sa na hana ka yin gado da buhunansa, na kuma kori masu zuwa ɗibar ragowar yashin don yaɓe ɗaki.

Ɗaure hancinka, ƙurar nan ba ta shaƙa ba ce. Miƙo rariyar.