Tarwadata na mutuwa da asuba, ko in ƙara musu kafso?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tafkin tamfol a bayan gida mai cin lita 3,000, na zuba 'ya'yan tarwada 500, wata uku ke nan. Ruwan ya yi kore shar, yana wari. Da asuba sai in tarar da su a miƙe kai sama, kuma kullum sai na tsamo biyu ko uku matattu. Wanda ya sayar min da su ya ce in riƙa fasa kafso ja da yalo guda goma a ruwan duk bayan kwana uku. Na yi sau biyu, ba sauƙi. Kuɗin adashena ne a ciki, hankalina ya tashi. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare sauran. Ki ajiye kafson nan tukuna, domin duk abin da kika bayyana ruwa yake nunawa, ba cuta ba.

Idan kowace tarwada ta kai giram 300, kina da kilo 150 na kifi a lita 3,000, kuma suna cin abin da ya haura kilo 4 a rana. Mafi yawan wannan abincin a ruwan yake ƙarewa: kashi, ragowar da ta nutse ta ruɓe, da amoniya, wani sinadari mai guba da kifin ke fitarwa ta inda yake numfashi. Koren da kike gani gansakuka ce da ta samu taki. Da rana tana ba da oksijin, da dare kuma ita da kifin da dattin ƙasa duk zuƙarsa suke yi, shi ya sa asuba ce lokacin da ruwan ya fi shaƙewa. Da la'asar kuma, in zafi ya yi yawa, a lokacin amoniya ta fi dafi. Ko'ina ba hutu.

Yau ɗin nan ki tsayar da abinci na kwana ɗaya ko biyu, yunwar ba za ta kashe su ba. Ki sa tiyo ki zuƙe dattin ƙasa, ki zubar da rabin ruwan, ki mayar da sabo a hankali, yana faɗowa daga sama yana fantsama, don ruwan burtsatse kan fito da ƙarancin iska. In na famfo ne, ya kwana a buɗe don kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, ya fita. Gishirin gari, kilo 1 zuwa 2 a lita 1,000, yana rage musu wahala. Sannan ki nemi tafki na biyu ki raba su, manya daban ƙanana daban, don a wannan cunkoson ko kullum kike canja ruwa da ƙyar ki riƙe su.

To, mu dawo kan kafso, don abin nan ya ishe ni. Kusan duk wanda ya zo min da matsalar kifi, sai ka ji ya riga ya bi ta kemis. Wai tarwada kifin laka ce, datti ba ya yi mata komai, saboda haka in ta mutu lalle cuta ce. Gaskiya ne tarwada na da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take jure abin da zai kashe ƙarfasa cikin dare ɗaya. Amma jurewa daban, lafiya daban. Amoniya na ƙone mata hanyar numfashi, ta daina ci, gashin bakinta ya guntule, fata ta saluɓe, sai ƙwayoyin cutar da dama suna cikin ruwan su samu ƙofa. Mai shago ya ga gyambo ya ce ai ga cutar nan. Ya ga ƙarshen labarin ne, bai ga farkonsa ba. Kamar mutum ne ya kulle kansa a ɗaki da garwashi, kai na sara, yana ta haɗiyar farasitamol bai buɗe taga ba.

Kuma shi kafso ja da yalon da ake fasawa, wato tetrasaikilin, in ya haɗu da ruwa mai yawan kalsiyam, kamar na burtsatse da dama, ƙarfinsa raguwa yake yi. Kafso goma a lita 3,000 ba su isa kashe cuta ba, sai dai su koya wa ƙwayoyin cutar jure magani, su kuma taɓa ƙwayoyi masu amfani da ke cinye amoniyar. Ranar da cutar gaske ta zo, likitan dabbobi ya rubuta maganin, sai a tarar ya daina aiki. Ruwan nan kuma ina kike zubar da shi? Kwata, ko gindin alayyahu. Kifin kuwa 'ya'yanki za su ci, da maƙwabta. Har na ga masu zuba kuloramfenikol, maganin da ƙasashe da dama suka haramta ba dabbar da za a ci saboda yana iya lalata ɓargon mutum. Wanda ya ba da shawarar ba shi da asara: in sun mutu, wurinsa za ki koma sayen wasu 'ya'yan.

Ban ce ba a ba kifi magani ba. Ana bayarwa, amma bayan an duba, yawanci a cikin abinci, da awo, da kwanakin jira kafin a sayar. Idan kin gyara ruwa, kin raba su, aka yi kwana huɗu ko biyar mutuwar ba ta tsaya ba, ko kika ga cikinsu na kumbura, ki ɗauki tarwada mara lafiya mai rai, ba matacciya ba, da ruwan tafkin a gora mai tsabta, ki kai asibitin dabbobi. Ke da kike Zariya, na Jami'ar Ahmadu Bello na kusa da ke. Ki faɗa musu adadin kafson da kika zuba da ranakun, kada ki ɓoye.

In kuma kina jefa musu ɗanyen hanjin kaji, kamar yadda na san da yawa na yi don ragin kuɗin abinci, shi ma ki dakatar har ruwan ya daidaita.