Fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa

Tambaya: Ina da Corolla ƙirar 2010. Tunda aka wanke cikinta fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa. Mai wayarin ya ce zai sa razista. In yarda? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Malam, kada ka yarda. Razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta a waya, yaudarar kwamfutar mota kawai take yi: fitila ta mutu, ranar haɗari kuma jakar da aka sa wa ita ba za ta buɗe ba, in a layin bel aka sa kuma bel ba zai ɗame ka ba.

A lafiyayyar mota fitilar kan kama na daƙiƙa 6 ta ɗauke. Tunda bayan wanki ne, fara zargin soket mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera. Ruwa ko jan kujera kan sassauta shi. A kashe mota, a cire wayar batir ta negatif, a jira aƙalla daƙiƙa 90, sannan a zare soket ɗin, a busar, a mayar har ya yi ƙas. Daga nan a sa na'urar da ke karanta SRS, wato tsarin jakar iska da bel, ta nuna lambar matsalar. B1801 yawanci wayar cikin sitiyari ce ta tsinke, B1901 kuma layin abin ɗame bel ne.

Kada a ɗora mitar awon wuta a kan jakar, wutar mitar na iya tayar da ita. Abin ɗame bel kuwa in ya taɓa tashi, sai canji.