Binciken digirin digirgir kan ɗanɗanon ƙudan 'ya'yan itace: ta ina za a fara a Kano?

Malama, kin tambaya ko za a iya nazarin yadda ɗanɗanon ƙudan Drosophila ya sauya daga jinsi zuwa jinsi a nan Kano, alhali babu na'urar auna aikin jijiya. Za a iya, muddin kin ɗora aikin kan abin da ƙudan yake zaɓa ya ci, kika kuma shawo kan zafi da yunwa, domin su ne ke ɓata sakamako.

Ƙudan nan yana ɗanɗano da ƙafa kafin baki. A kowane gefe na leɓensa akwai gashin ɗanɗano kusan 31, wasu kuma suna ƙafafu da gefen fiffike. A Drosophila melanogaster, dangin ƙwayoyin gadon ɗanɗano da ake kira Gr guda 60 ne. Gr5a da rukunin Gr64 na zaƙi ne, Gr66a da Gr33a na jijiyoyin ɗaci. Sauyin halitta ya fi bayyana a ɓangaren ɗaci. D. sechellia na tsibiran Seshel, wanda ya rungumi 'ya'yan noni masu kashe danginsa, ya rasa Gr masu yawa. D. suzukii mai saka ƙwai a nunannen ɗan itace da bai ruɓe ba, shi ma jin ɗacinsa ya ragu. Wani bincike na 2018 a Zimbabuwe ya nuna melanogaster na daji yana da alaƙa ta kusa da danya, itacen da muke da shi a arewa. A ganina nan tambayarki take: shin ƙudan gindin danya da na kasuwa ɗanɗanonsu ɗaya?

Wajen kamu, ki yanka ƙananan ƙofofi a gorar ruwa, ki zuba dakakkiyar ayaba da ɗan yis, ki rataye a inuwa kwana biyu. Kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa wuri ne mai kyau, amma ki nemi izinin masu rumfa. Kada ki haɗa ƙudan Drosophila da babban ƙudan da ke huda mangwaro, wannan dangin Tephritidae ne. Kowace mace ki ware ta a kwalbarta (zuriyarta ita ce layi guda), ki jira 'ya'yanta maza, don da siffar al'aurar namiji ake bambance melanogaster da ɗan uwansa simulans. Matan da wuya ido ya raba su.

Gwajin zaɓi shi ne ƙashin bayan aikin. Ki ɗauki ƙudaje 40 zuwa 50 masu kwana 3 zuwa 7, ki hana su abinci awa 18 zuwa 24 a kan jiƙaƙƙiyar takarda. A faranti mai ramuka ki jera agar (sinadari mai daskarewa kamar jeli) kashi 1 cikin ɗari iri biyu, rami bayan rami: ɗaya da sukari milimola 1 a lita, ɗaya da milimola 5 a lita haɗe da abu mai ɗaci, kamar kwinin ko kafeyin. Ɗaya ki rina shi da shuɗin brilliant blue, miligiram 0.125 a mililita, ɗaya da jan sulforhodamine B, miligiram 0.2. Ki bar su minti 90 a duhu, ki daskarar da su, ki duba launin cikinsu a madubin ƙara girma. Mai ruwan hoda-shuɗi ya ci duka biyu, rabin maki ake ba shi. Ki maimaita bayan kin musanya rinin, saboda rinin kansa yana iya jan ƙuda. Farantin da waɗanda suka ci ba su kai rabi ba, ni dai shawarata a zubar da shi.

Ki kula da yunwa sosai. Tana ƙara wa ƙuda jin zaƙi, tana rage masa gudun ɗaci, kuma awa 24 ba nauyi ɗaya take yi wa kowane jinsi ba. Saboda haka ki fara auna tsawon lokacin da kowane layi ke jure rashin abinci, sannan ki daidaita. In ba haka ba, bambancin yunwa za ki rubuta da sunan bambancin ɗanɗano. Ki kuma shayar da su ruwa kafin gwajin miƙa baki, wanda ake taɓa wa ƙuda abu a ƙafa a ga ko zai miƙo baki, domin mai ƙishirwa komai aka taɓa masa a ƙafa zai miƙa.

Zafi fa? A digiri 25 ƙwai yana zama ƙuda cikin kwana 10, amma daga digiri 30 mazan suna daina haihuwa, ga Kano tana haura 40 a Afrilu. Inkubeta mai sanyaya da batirin sola ya fi kowane kayan aiki muhimmanci a kasafinki. Da hunturu kuma abincin bushewa yake yi, sai a ajiye kwanon ruwa a ciki. Ki sa maganin nipagin a abincin don hana fumfuna, ki riƙa sauya kwalabe duk mako biyu saboda ƙananan ƙwarin da ke cinye layi.

Bambanci tsakanin layi biyu kaɗai ba hujjar sauyin halitta ba ne. Ki tara aƙalla layi goma daga kowane wuri, ki raine su zuriya biyu a abinci ɗaya kafin gwaji, ki kuma adana wasu a barasar etanol cikin firiza. Idan bambancin ya tabbata, su za ki aika a karanta jerin Gr ɗinsu, ki kwatanta da abin da ke FlyBase, rumbun bayanan gadon Drosophila na intanet.