Ki bar ankon nan ya wuce, kar ki taɓa manhajar bashi

'Yar'uwa da kika yi tambaya jiya da daddare, kika ce alawus ɗinki na bautar ƙasa ba ya kai ki tsakiyar wata, ga ankon ƙawarki kala uku, ga wayarki ta tsufa har ana miki tsiya da ita, shin ki ci bashi a manhajar nan ta waya ki biya daga baya? Na ga yawancin amsoshin "Allah ya hore" ne. Amin. Amma ni tawa doguwa ce, don ramin da kike leƙawa na taɓa faɗawa cikinsa.

Kar ki ci. Don girman Allah kar ki ci.

Ni ma anko ne ya kai ni, a 2021. Ƙawata ce tun sakandare, ta fitar da atamfar kamu, da leshin dina, da yadin walima, ban da ɗinki da mai kwalliya da mai ɗauri. Na nemi dubu ashirin a wata manhajar bashi, suka zare kuɗin hidimarsu tun kafin ya shigo asusuna, suka ce mako guda in mayar da ribarsa. Wajen buɗe manhajar sun nemi izinin ganin lambobin da ke wayata da hotuna, in ba ki danna ba kuɗi ba zai fito ba.

Albashi ya makara a wurin da nake aiki. Tun da safen ranar biya aka fara kira, wa'adin ma bai cika ba. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya dinga zagina da Turanci, ya zagi uwata, ya ce in je in sayar da jikina in biya su. Na roƙe shi, na ce ya ba ni zuwa Juma'a, har takardar wurin aiki na tura masa. Dariya ya yi. Washegari suka ɗauki hotona, wanda na yi da ankon nan, suka rubuta a ƙasa cewa ni ɓarauniya ce 'yar damfara ana nemana, suka tura wa duk wanda ke cikin wayata. Ya je wa malaminmu na Islamiyya. Ya je wa yayar wanda zai aure ni a lokacin. Ya je wa Baba yana shago a Kantin Kwari, kuma maƙwabcin shagonsa ne ya karanta masa, a gaban mutane.

Baba bai dake ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya dawo bayan magariba ya zauna a tabarma, ya kira ni, ya ce, "Me na rage ki da shi?" Shi ke nan abin da ya faɗa. Ya ciro kuɗi ya ba ƙanena ya je POS ya biya. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na daɗe ban iya haɗa ido da shi ba, Umma kuma ta daina zuwa sabgar unguwa na wani lokaci saboda tambayar mutane. Mutumin nan mai kira, ban san sunansa ba, amma ban yafe ba.

Ita kuwa amaryar, da na kira ta ina kuka, cewa ta yi, "Ai ban ce ki ci bashi ba." Ita da ta rubuta a guruf cewa duk wadda ba ta da anko kar ta shiga hoto! Daga baya na ga atamfar sak a Kwari, ƙasa da yadda ta sayar mana. Ashe da kuɗinmu ta haɗa wani abu na bikin. Wannan ya fi zagin ciwo, don shi wancan bare ne.

Za a ce miki yanzu an gyara. Gaskiya an taɓuka: hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, daga baya ta tilasta musu rajista, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. Amma marasa rajistar ba su mutu ba, ta saƙon tes da WhatsApp suke turo hanyar saukewa. Masu rajistar ma riba ce, kin san hukuncinta, ba sai na yi miki wa'azi ba.

Dubu 77 ɗin da ake ba ku tun 2025 suna da daɗin ji a baki, amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin adaidaita kaɗai ya isa ya cinye rabi, ga kuɗin data da aka ƙara a farkon 2025. Ki duba a wayarki nawa kika zuba wa data watan jiya, za ki sha mamaki. Kuma da datar nan muke kallon abin da ke tayar mana da hankali: status ɗin masu sayar da abaya da turare, da bikin wasu a TikTok da ba mu san ko su ma bashi suka ci ba. Ni na rufe status ɗin duk wata mai talla, har da 'yan'uwana, na samu lafiya.

Wayar kuma, in batir ne ko gilashi, ki kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a canja. Kar ki yarda da wayar biya kaɗan-kaɗan, ranar da kika makara kulle ta suke yi a hannunki. In dole sai sabuwa, ki shiga adashi da matan da kika san gidajensu, ki jira kwasarki. Maza ma da ke guruf ɗin nan kar ku yi shiru kamar ba ku ciki, mun san masu cin bashi don gezna da hular Sallah, da masu zubawa a cacar ƙwallo.

Anko ki ɗauki kala ɗaya, na kamu ya isa, ki gaya wa ƙawarki tun yanzu cewa iya ƙarfinki ke nan. In ta yi fushi ta yi. In kuma kin riga kin sauke manhajar, ki cire mata izinin lambobi ki goge ta yau. In har kin riga kin karɓi kuɗin, ki gaya wa Ummanki da bakinki kafin wani ya tura mata, ki ajiye hoton duk saƙon barazana don kai ƙara FCCPC, sannan ki yi mini magana ta ciki mu ga yadda za a haɗa a biya.