Hukuncin karɓa da cin kayan zaƙin bukukuwan Sinawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne da ke zaune a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ina yi wa mutanenmu sayayya da lodin kaya. Duk shekara idan bikin tsakiyar kaka ya zo, masu masana'antun da nake hulɗa da su sukan aiko mini da kwalayen kek ɗin da suke kira yuebing, wato kek ɗin wata, a sabuwar shekararsu kuma su kawo wainar shinkafa da alewa iri-iri. An gaya mini kowanne yana da ma'anar da suka ɗora masa, wasu ma ana miƙa wa abin bautarsu. Shin in karɓa in ci tare da iyalina, ko in mayar musu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya tambaya kafin ka kai wa iyalinka.

Karɓar kyautar ta halatta. Allah Maɗaukaki bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kamar yadda ya zo a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, kuma Manzon Allah (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar. Game da kyautar ranar biki kuwa, Ibn Abi Shaiba ya ruwaito cewa wata mata ta tambayi Nana A'isha (RA) a kan abin da Majusawa ke kawo musu ranar idinsu, sai ta hana ta cin abin da aka yanka domin wannan rana, ta ba ta izinin cin 'ya'yan itatuwansu. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Ali (RA) ya karɓi kyautar bikin Nairuz, sabuwar shekarar Farisawa. Ke nan magabata sun duba abin da ke cikin kwanon ne, ranar da aka kawo shi ba ta haramta shi ba.

Ma'anonin da suka tayar maka da hankali kuwa, galibinsu fata ne na alheri. Ana bikin tsakiyar kaka ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu, daren da wata ke cika, kuma an yi kek ɗin a kewaye ne domin ya nuna iyali sun haɗu ba a rasa kowa ba. Gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri da ake sakawa a tsakiyarsa tana wakiltar watan. Haka tangyuan, curin garin shinkafa mai danƙo da ake mulmulawa kamar fura a dafa a ruwan zaƙi ranar 15 ga watan farko, shi ma alamar haɗuwar dangi ne. Wainar sabuwar shekara, niangao, sunanta ya yi kama a furuci da kalmomin da ke nufin shekara mai ɗaukaka, don haka ake ba da ita da fatan bana ta fi bara. A farantin alewa mai gida-gida da ake ajiye wa baƙi, 'ya'yan bado da aka jiƙa da sukari na nufin yawan zuriya, gyaɗa tsawon rai, ƙananan lemu masu ruwan zinare kuma arziki.

Shari'a ba ta ƙi kyakkyawan fata da ake ɗauka daga kalma mai daɗi ba. A cikin hadisin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya kore camfi, ya kuma bayyana cewa fa'al, wato kalma mai kyau, yana burge shi. A ranar Hudaibiyya da Suhailu ɗan Amru ya iso wakiltar Ƙuraishawa, Annabi ya yi wa sahabbai albishir da sauƙin al'amari, yana mai duba ga sunan mutumin, wanda tushensa a Larabci sauƙi ne. Iyakar da ba a tsallakewa ita ce zuciya ta ƙudurta cewa wainar ce ke kawo ɗaukaka, ko kuwa rashin cin ta zai jawo tsiya. Wanda ya ci da wannan imani ya shiga camfi, wanda kuma ya ci a matsayin abinci, ya ɗauki ma'anar a matsayin fatan alherin mai bayarwa, babu laifi a kansa.

Akwai wanda hukuncinsa ya bambanta. Ranar 23 ko 24 ga watan ƙarshe na shekararsu, wasu gidaje kan ajiye wata alewa mai danƙo, zaotang, a gaban hoton abin da suke kira ubangijin murhu, da nufin bakinsa ya yi zaƙi ko ya manne idan ya hau sama kai rahoton mutanen gidan. Wasu kuma kan jera kek da 'ya'yan itace a kan tebur a tsakar gida, su kunna turaren tsinke su miƙa wa watan da ke sama, sa'an nan a raba a ci. Abin da ka san tabbas an ɗora shi a irin wannan wuri, ka nisance shi. Ayoyin da suka haramta abin da aka ambaci sunan wanin Allah a kansa, a Baƙara 173 da Ma'ida 3, sun sauka ne a kan yanka, kuma malamai sun yi magana kan ko suna haɗawa da abin da ba yanka ba. Abin da na rinjayar shi ne barin sa, domin rabon abin da aka sauko da shi daga wurin bauta wani yanki ne na bautar. Amma kwalin da ya fito daga kanti a liƙe, da tambarin kamfani da ranar lalacewa a jikinsa, ba a kai shi gaban kowa ba, kuma ba a gina hukunci a kan zato.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne inda mutanenmu suka fi sakaci, domin sau da yawa mutum yakan damu da ma'anar abinci ya manta da man da aka yi shi da shi. Kitsen alade tsohon sinadari ne a kayan gashin Sinawa. Kek ɗin wata irin na Suzhou, mai ɓawo falle-falle, da kitsen alade ake murza shi a al'adance, wani ma naman alade ne a cikinsa. Na Yunnan ya shahara da busasshen naman cinyar alade. Tangyuan na Ningbo kuwa, baƙin riɗin da ke cikinsa da kitsen ake kwaɓa shi, shi ya sa yake malalowa idan an gutsura. Zongzi, shinkafar da ake naɗewa a ganyen gora ranar 5 ga wata na 5 don tunawa da mawaƙi Qu Yuan, a arewa da jar magaryarsu ake yin ta, amma a kudu inda kake zaune galibi naman alade ne a ciki. Zaƙin abu ba ya nuna tsarkinsa. Malamai sun haɗu a kan cewa kitsen alade haramun ne kamar namansa, kuma wasu nau'o'in kek ɗin, musamman mai haɗin gyaɗa da ƙwayoyi iri biyar, akan zuba musu giya don ƙamshi. Naman sa ko na kaza da ke cikin wasu ma bai halatta ba idan ba Musulmi ko ma'abocin littafi ne ya yanka ba.

Don haka ka juya kwalin ka karanta jerin sinadaran, ko ka haska shi da manhajar fassara ta wayarka. Idan ka ga 猪油, kitsen alade ne. Idan ka ga 酒, giya ce. Alamar 清真, qingzhen, ita ce shaidar halal a wurinsu, kuma Musulmin ƙabilar Hui, waɗanda sun haura miliyan 10, sun daɗe suna gasa kek ɗin wata da man tsirrai suna sayarwa, kamar a unguwar Niujie ta Beijing. Tambayi 'yan'uwa a masallacin Huaisheng da ke garinku, za su nuna maka inda ake samu. Wanda aka yi a gida ba rubutu a jikinsa, ka tambayi mai shi cikin ladabi. Idan bai iya tabbatar maka ba, ka bar shi, saboda amfani da kitsen ya yawaita a irin wannan abinci har shakkar ta yi ƙarfi.

Wanda ya tabbata akwai alade a cikinsa, kada ka sayar da shi, kada kuma ka ba wani Musulmi. Ya fi kyau ka yi wa abokan hulɗarka bayani tun kafin lokacin bikin, cewa kana godiya amma mai alamar qingzhen kawai kake ci, ko shayi da 'ya'yan itace. Wannan ya fi mayar da kwali bayan an kawo, wanda a al'adarsu zubar da mutunci ne. Game da ramawa kuwa, an naƙalto daga Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, cewa ya karhanta Musulmi ya ba da kyauta a ranar idin wanda ba Musulmi ba don girmama ranar, saboda haka ka jinkirta taka zuwa ƙaramar Salla ko babba, ko lokacin da kuka kammala wani ciniki.

Allah ne mafi sani.