Al'adata ta rikice ina shekara 47, jinin taruwa yake yi a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 47, 'ya'yana shida. Tun bara al'adata ta rikice, wani watan ta zo sau biyu, wani lokacin in yi wata uku ban gan ta ba. Da dare wani zafi ke taso mini daga ƙirji zuwa fuska, in farka sharkaf da gumi ko da hunturu ne. Ga saurin fushi, ga zafi idan maigida ya kusance ni. Ƙawata ta ce jinin ne ya taru a cikina, har ta kawo mini jiƙo wai zai fito da shi. In sha?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye jiƙon nan. Babu jinin da ya taru a cikinki.

Jinin al'ada shimfiɗa ce da mahaifa ke yi duk wata don tarbar ciki, idan cikin bai shiga ba sai ta zubar da ita. Masu ba mahaifa umarnin yin shimfiɗar sinadarai ne biyu, estrojen da furojestaron, waɗanda ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa. Mace kuwa da ƙwayayenta ake haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, suna ta raguwa har su kusa ƙarewa. Idan suka yi ƙaranci sai sinadaran su riƙa hawa da sauka, al'ada ta rikice, daga baya ta tsaya. Gonar da ba a shuka ba ai babu abin girbe a cikinta. Jiƙon da ake cewa yana "fito da jini" ba a san ma'auninsa ba, wani yana jawo zubar jini, wani ya taɓa hanta ko ƙoda.

Yawancin mata al'adarsu na yankewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba ma cewa ta yanke sai an cika wata 12 a jere babu ko ɗigo. Ke kina kan hanya ne, hanyar kuma takan ɗauki shekaru. A wannan lokacin har yanzu kina iya ɗaukar ciki, saboda haka ki fara da gwajin ciki. Kada ki yi dariya, mun sha ganin mai jikoki ta zo da "al'ada ta tsaya" ashe ciki ne ɗan wata huɗu. Idan ba kya neman haihuwa, ki ci gaba da tsarin tazara har shekara 2 bayan jinin ƙarshe in ya tsaya kafin ki kai 50, ko shekara 1 in bayan 50 ne.

Zafin da ke taso miki daga ƙwaƙwalwa yake. Raguwar estrojen na rikita sashen da ke daidaita ɗumin jiki, sai ya ɗauka zafi ya yi yawa, ya buɗe jijiyoyin fata, ya saki gumi. Yakan yi minti 1 zuwa 5 ya wuce, amma a wasu matan yakan yi ta dawowa shekara 7 ko fiye. Ki kwana da kayan auduga marasa nauyi, ki ajiye ruwan sanyi kusa, ki lura ko yaji ko shayi mai zafi ke tayar miki da shi. Fushin ma rashin barci na ƙara shi, wadda ta farka sau uku cikin dare ba za ta wayi gari da fara'a ba. Ki yi wa maigida da manyan yaranki bayani, kada su ɗauka hali ne ya canza. Sai dai ba kowane gumin dare ne na yankewar al'ada ba. Idan akwai tari, rama, zazzaɓi ko bugun zuciya, a duba tarin fuka da maƙoƙo.

Zafin kwanciya shi ne abin da mata suka fi ɓoyewa, alhali shi ya fi sauƙin magani. Fatar gaba na yin siriri ta bushe idan estrojen ya ragu. Nan ne ake ruɗar mata da kayan matsi da sunan dawo da ni'ima, ko a ce ciwon sanyi ne a yi ta shan magani barkatai. Matsi na ƙara busar da wurin, har ya tsage fatar. Ki daina wanke cikin gabanki da sabulu, ki nemi man santsi mai ruwa-ruwa a kantin magani. In bai wadatar ba, akwai man estrojen da likita ke rubutawa a shafa a wurin, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Zafin jiki yakan gaji ya tafi, bushewa kuwa ba ta tafiya da kanta.

Idan zafin ya hana ki sakat, akwai maganin maye gurbin estrojen ɗin da ya ragu, na sha ko na mannawa a fata. Wadda ba a cire wa mahaifa ba dole a haɗa mata da furojestaron don kare mahaifar daga cutar kansa, wato ciwon daji. An tsorata da wannan maganin maye gurbin bayan wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, amma da aka sake nazari an ga cewa ga yawancin mata 'yan ƙasa da 60, ko waɗanda ba su wuce shekara 10 da yankewa ba, amfaninsa ya fi haɗarinsa. Wadda ta taɓa kansar nono, daskarewar jini a jijiya, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon hanta, ba nata ba ne, akwai wasu magungunan da za a ba ta. Kada ki saya da kanki.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya ciwo yanzu. Ƙashi na saurin zaizayewa a shekarun farko bayan yankewa, haɗarin ciwon zuciya kuma na ƙaruwa. Ki lazimci nono da kindirmo, riɗi, zogale, miyar kuka da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu. Ki yi tafiyar minti 30 a yawancin ranakun mako, ki riƙa samun hantsi, ki rage gishiri da dunƙule, ki riƙa auna hawan jini da suga.

Kada kuma ki jingina kowane jini ga shekaru. Jinin da ya wuce kwana 7, ko mai guda-guda da ke jiƙa ƙunzugu duk awa, ko wanda ke zuwa bayan kwanciya, duk na zuwa asibiti ne. Idan kuma kika cika shekara babu al'ada sannan kika ga jini, ko ɗan tabo ne a zane, ba al'ada ce ta dawo ba. Sau da yawa bushewa ce kawai, amma haka kansar mahaifa da ta bakin mahaifa ke fara nuna kansu, don haka ki ga likitan mata cikin makon. Daga yau ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Takardar za ta taimaki likitanki, ta kuma taimake ki idan za ki tambayi malamai hukuncin salla da azumi.