Ƙararrawar Shanu a Bangon Gidan Abinci

Tambaya: Malam, na ga hoton wani gidan abinci a tsaunukan Suwizalan, an rataye manyan ƙararrawa da tsofaffin kaya a bango. Mene ne asalinsu? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Kayan makiyayan yankin ne, waɗanda kan hau tsaunukan Alps da shanunsu lokacin zafi, su sauko wajen watan Satumba. A wuyan saniya ake ɗaura ƙararrawar, domin a ji inda take idan hazo ya rufe dutse. Akan kuma ajiye ƙatuwar tukunyar tagulla ta yin cuku, da kujerar tatsa mai ƙafa ɗaya wadda makiyayi ke ɗaurawa a ƙugu. Sai dai ba duka ne na gado ba, wasu sayo su ake yi don jan hankalin baƙi.